Yaya Fitsari Ke Tona Asirin Masu Shan Maganin Ƙara Ƙarfi?

Wani mai sauraronmu daga Gummi ne ke tambaya: ta yaya ake gane ɗan wasa ya sha maganin gina tsoka?

To Malam, irin wannan magani in ya shiga jiki, hanta na sarrafa shi, ƙoda ta fitar da burbushinsa. Jami'i kan tsaya kan ɗan wasa har ya ba da fitsari aƙalla mililita 90, a raba shi kwalba biyu, A da B, a liƙe, a tura ɗakin gwajin da WADA, hukumar yaƙi da shan irin waɗannan magunguna a wasanni, ta amince da shi. Na'ura ce ke zaƙulo burbushin, ko da ɗan kaɗan ne. In A ta nuna akwai maganin, ɗan wasa na da ikon neman a buɗe B. Ana iya ajiye fitsarin shekara 10 a sake gwadawa.

Ta gwajin fitsari aka kama ɗan wasa Ben Johnson na Kanada a Seoul a 1988, aka ƙwace lambar zinaren da ya ci. 'Yar Najeriya Vivian Chukwuemeka ma an kama ta har sau biyu, aka haramta mata wasa har abada.

'Yan dambe da kokawa na Anka da Bukkuyum, ko ba mai gwada ku, don Allah ku guji wannan magani: yana lalata hanta da zuciya, yana rage haihuwa.