Ƙiwa, rigima da takardar auna halin jariri

Aikina bibiyar girman yara ƙanana a nan Minna. Cikin kayan aikin akwai takardar tambayoyi da ake auna halin jariri da ita: yawan kukansa, saurin lallashinsa, ƙiwarsa idan ya ga baƙo. Asalinta daga Amurka take, irin wadda Mary Rothbart ta fitar a 1981, kuma uwa ake tambaya.

Rannan a unguwar Kpakungu na zauna da wata yarinya mai goyo. Duk abin da na tambaya game da ɗanta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai." Kakar yaron ce ta ankarar da ni: "Malama, ɗan fari ne fa." Kunyar ɗan fari ta hana ta yabonsa, ta hana ta kai ƙararsa. Da na rubuta amsarta yadda ta ba ni, da takarda ta nuna yaron da ba ya kuka ba ya dariya, alhali ga shi nan yana ta ƙiriniya a kan tabarma. Kaka ce ta zayyana mini halinsa tsaf.

Wasu tambayoyin ma sun ɗauka jariri yana da gadonsa shi kaɗai. Namu a bayan uwa yake wuni, a gefenta yake kwana, ko gidan Gwari ne, ko Nufawa, ko Hausawa.

Abin da ya fi damuna shi ne laƙabi. Alexander Thomas da Stella Chess, da suka fara bincike a New York a 1956, sun kira kusan yara 10 cikin 100 "masu wuyar sha'ani". Amma a 1974, lokacin fari a ƙasar Masai ta Kenya, likita Marten deVries ya bi wasu jarirai 'yan kaɗan, ya tarar masu rigimar sun fi masu sanyin hali tsira. Ana ganin mai kuka shi ake yawan ba nono.

Don haka iyaye mata, ƙiwar da ke farawa wajen wata 8 ba cuta ba ce, rigima kuma ba rashin tarbiyya ba ce. Wanda nake roƙo ku kai asibiti shi ne jaririn da ake yabo da "ba ruwansa": ba ya waiwayen sauti, ba ya haɗa ido da ku, ko yunwa ba ta sa shi kuka.