Babin Juyin Halitta a Karatun Sakandare

Daga cikin darussan ilmin halittu da ake koyarwa a ajin ƙarshe na makarantun sakandare, babu wanda yakan tayar da hankalin ɗalibai Musulmi da iyayensu kamar babin juyin halitta. Da yawa sukan tsallake shi, don abin da suka ji kurum shi ne wai wani Bature ya ce biri ne kakan mutum. Ga shi kuwa masu shirya jarrabawa ba sa tsallake shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimce shi, saboda haka ya kamata a fara sanin abin da babin ya ƙunsa tukuna.

Mutumin da aka fi jingina wa wannan ka'ida shi ne Charles Darwin na ƙasar Ingila, wanda ya yi tafiyar bincike a jirgin ruwa daga 1831 zuwa 1836, sa'an nan ya fitar da littafinsa a kan asalin nau'o'in halittu a 1859. Wani ɗan ƙasarsa, Alfred Wallace, shi ma ya kai ga wannan fahimta a nasa binciken, har aka gabatar da bayanansu tare a 1858. Bayanin nasu bai da wuyar ganewa ga wanda ya san gona. 'Ya'yan kowace halitta ba su zama daidai da juna, kuma da yawa daga cikin bambance-bambancen nan gadonsu ake yi. Har wa yau, abin da ake haifa ya fi abin da abinci da wurin zama za su iya ɗauka. To, waɗanda siffofinsu suka fi dacewa da wurin su ne suka fi tsira su hayayyafa, sannu a hankali siffar tasu ta rinjaya. Manomi yakan ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye don iri, makiyayi yakan zaɓi bijimin da zai bari a garke. Darwin ya ce fari da cuta da yunwa da maƙiya su ma suna yin irin wannan tankaɗe da rairaya, sai dai ba da niyya ba, kuma cikin zamani mai tsawo ƙwarai.

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ba dabba guda ce take sauyawa a rayuwarta ba. Jinsin ne yake sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Lamarck na ƙasar Faransa ya ɗauka a 1809 cewa abin da dabba ta samu da ƙoƙarinta 'ya'yanta za su gada, misali raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har ya yi tsawo. Da haka ne, ai da 'ya'yan masu tsaga a fuska da tsagarsu za a riƙa haifarsu. Darwin kansa bai san yadda gado yake tafiya ba. Gregor Mendel ne ya gano dokokinsa a gwajin da ya yi da wani irin wake ya buga a 1866, aka manta da aikin sai a 1900. A 1953 kuma aka gano sigar sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, aka fahimci cewa sabon bambanci yana fitowa ne idan aka sami sauyi a cikinsa.

Misali mafi kusa yana cikin jinin jama'ar ƙasar nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda, watau mai rukunin AS. Me ya sa ƙwayar da ke jawo irin wannan wahala ba ta ɓace ba? A 1954 likita Anthony Allison, bayan binciken da ya yi a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tun suna yara. Saboda haka a ƙasashen da sauro ya yi katutu ƙwayar ta yawaita, ko da yake wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka, watau mai SS, shi ke ɗanɗana kuɗarta. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ba wai in an sami ɗaya sauran ukun sun kuɓuta ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024.

Ƙwayar zazzaɓin ita ma haka ta yi da maganin kulorokwin. Ƴan kaɗan da suka iya jure masa su ne suka rage suka hayayyafa, musamman a jikin masu yanke shan magani da zarar sun ji sauƙi, har Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005.

Irin wannan sauyi da ake gani da ido ba a cika jayayya a kansa ba. Tun a ƙarni na 9 Al-Jahiz na Basra, a cikin Kitabul Hayawan, ya yi bayanin yadda dabbobi ke cin juna da yadda wurin zama ke tasiri a siffarsu, ko da yake wuce gona da iri ne a ce shi ya riga Darwin kafa ka'idar. Inda maganar ta yi zafi shi ne asalin mutum. Masana kimiyya ba su ce birin yau ne ya haifi mutum ba. Cewa suke yi su biyun sun rabu daga tushe ɗaya kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, suna kafa hujja da ƙasusuwan da aka tono da kuma kamannin ƙwayoyin gado. Mafi yawan malaman Musulunci kuwa suna kan cewa Allah ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, ba uwa ba uba. Jamaluddin Al-Afgani ya yi wa Darwin raddi mai zafi a 1881. Shehu Husaini Al-Jisr na Tarabulus ta Lebanon ya bi wata hanya a 1888: ya ce hujjojin da ake da su a zamaninsa zato ne, ba su kai yaƙini ba, amma ko da sun tabbata ba za su kore Mahalicci ba, domin sanin hanyar da abu ya bi ya samu dabam yake da sanin wanda ya samar da shi.