Yadda Ake Kai Iyali Kallon Namun Daji a Longleat

Yaron da ya tashi a Ingila a talabijin ya san zaki. In kana so ya ga manyan dawa ido da ido, ka ware rana guda ku je Longleat da ke yankin Wiltshire. An buɗe shi a 1966, kuma shi ne gandun dabbobi na farko a wajen Afirka da ake ratsawa cikin mota. A gidan zu na Kano dabba ce a keji. A nan kuwa ku ne a kulle, ita tana yawonta. Shi ya sa rabin shirin a kan mota yake.

1. Sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Duba ranar da kyau, domin da hunturu ba kullum ake buɗewa ba.

2. Duba lafiyar mota, ka cika tanki. Ba a barin mai rufin tamfol ta shiga wurin zakuna. In ta haya ce, ko kana jin tsoron abin da zai same ta, akwai bas ɗin gandun da ake biya daban.

3. Yi sammako. Daga Landan tafiyar kamar awa biyu da rabi ce ta M3 da A303, kuma za ku hango duwatsun Stonehenge a gefen hanya. Mai zuwa da hantsi, layi zai tarar.

4. Uwargida ta haɗa guzuri tun dare: dafa-duka a kula, cincin, shayi a filas. Kun huta da neman abincin halal. A sa dadduma da rigunan ruwa a but, don ruwan Ingila ba ya sallama. Kowane yaro ya zaga bayi kafin a shiga. A tsakiyar zakuna babu "Baba, fitsari".

5. Ku more sashen farko, inda ake sauka a ga raƙuman dawa da jakunan dawa kusa-kusa. Hotunan iyali a nan ake ɗaukarsu.

6. Yi shawara kafin shiga wurin birai, don akwai hanyar kauce musu. In kun shiga, za su ɗare kan mota. Wani zai zauna a bonet, ya kama waifa yana ɓare robarta kamar mai ɓare rake, yana kallonka ko a jikinsa. Yara na ta ƙyalƙyala dariya, kai kana lissafin kuɗin gyara. Cire eriya tukuna, kada kuma a miƙa musu abinci.

7. A wurin zakuna da damisa da kyarketai, a ɗaga gilasai, a danna makullin yara. In mota ta mutu, kada kowa ya fito: danna hon, ma'aikata za su zo. Tuƙa a hankali, ka yi haƙuri, domin zaki yawanci kwance yake. Amma in ya miƙe ya gifta ta gaban motarku, har ƙaramin da ya wuni yana surutu zai yi tsit.

Ku sallaci Azahar kafin ku kama hanyar gida. A komowa kada ka kunna rediyo. Yau da suka ga zaki da idonsu, lokaci ya yi da za ka ba su tatsuniyar yadda Gizo ya yi masa wayo.