Darasin karatu: kalmar "bara"

Ƴan uwa masu koyon karatu, ku dubi waɗannan jimloli uku:

Bara an yi ruwa sosai.
Sarki ya aiki baransa.
Makaho ya fita bara.

Rubutu ɗaya ne, ma'ana uku. Ta farko shekarar da ta wuce, ana jan "ba" ɗinta. Ta biyu mai yi wa wani hidima, macensa baranya, jam'insa barori. Ta uku ita ce darasinmu na yau. Ku faɗe ta da ƙarfi, za ku ji harshe yana kaɗawa wajen "r", ba kamar a baran sarki ba.

Bara shi ne neman sadaka wurin mutanen da ba ka sani ba, a ƙofar gida, ko kasuwa, ko bakin masallaci. Mai yi mabaraci, da yawa mabarata. Ba a cewa "ya bara ni". Ana cewa ya yi bara, ya tafi bara, yana yawon bara. Abin da aka ba shi sadaka ne, ko dala biyar ce, ko ragowar tuwo. In babu, ba a kora, sai a ce "Allah ya ba da haƙuri".

Bara dabam, roƙo dabam. In ka roƙi maƙwabcinka tiyar hatsi lokacin bazara, ba bara ka yi ba, don ya san ka, gobe kai ma za ka ba shi. Maroƙi kuwa da kirari yake karɓa, sana'arsa ke nan.

Akwai kuskuren da ya zama jiki: a ga kowane mabaraci a ce almajiri. Kalmar almajiri daga Larabci ta fito, "almuhajir", wato wanda ya bar garinsu. A Hausa mai neman ilimi ke nan. Yaron da ya wuni da kwano a tasha, bai taɓa allo ba, sunan kawai aka bar masa.

Yanzu har ana jin "ciranin bara". Mata su ɗauki yara, wani lokaci ma yaran aro, su nufi Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace cikin hamada, arewa da Arlit. An tsinci gawa 92, ƙishirwa ta kashe su, galibi mata da yara, da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram. A 2022 kuma gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara daga Dakar. Cirani dai aiki ne na rani, mutum ya dawo kafin shuka. Kiran wannan tafiya cirani rufa mata asiri ne.

Aiki: kowa ya rubuta jimla ɗaya da kowace "bara", ya karanta wa na kusa da shi.

Tambayar muhawara: in wata ta zo aron ɗanki don tafiya Aljeriya, me za ki ce mata?