Darasi: Haƙƙin Kyanwar Shago a Kan Mai Shago



Ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya zagaya Babbar Kasuwar Maraɗi, ko shagunan unguwa a Mokoyo da Bagalam, zai tarar ƴan hatsi da masu sayar da sukari da fulawa da yawa suna ajiye kyanwa, wadda mu nan muka fi kira mussa, domin ta tsare musu kaya daga ɓarnar kusu. Haka abin yake a rumbunan Tsibiri, da ɗakunan da manoman rani na Jiratawa ke zuba amfanin gonarsu. Ajiyar ba laifi ba ce. Abin da za mu duba shi ne yadda ake yin ta.

Mun sha jin ɗan kasuwa yana cewa idan aka ƙosar da kyanwa ba za ta yi farauta ba. Da wannan hujja sai ya kulle ta cikin shagon kwano tun magariba, babu abinci babu ruwa, wani lokaci ma ya yi tafiyar kwana biyu zuwa Jibiya ko Kano da makulli a aljihu. Wanda ya san zafin watan Afrilu a garin nan, lokacin da ma'auni kan haura 40, ya san abin da dabbar ke gani a bayan wannan ƙofa.

To, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Laifinta biyu ne a haɗe: ta tsare ta ba ta ciyar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Mu lura, ba a ambaci duka ko yanka ba. Tsarewa ce da sakaci kawai. Daga nan masu sharhin hadisi suka fitar da cewa ya halatta a ajiye kyanwa, har a tsare ta, da sharaɗin ci da sha. Wanda ya rufe ƙofa ya toshe mata hanyar nema, saboda haka ciyarwar ta koma wuyansa. Kusun da yake fatan ta kama ba tabbas ba ne, kuma ba ya maye gurbin ruwa. Ita hujjar ma ba ta tsaya ba, domin farauta ɗabi'ar kyanwa ce, ƙosasshiya ma tana yi.

Wasu kuma ƙyama ke sa su kore ta daga wurin alwala. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, Kabsha matar ɗansa tana kallo da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore najasa daga gare ta, domin tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. A mazhabarmu sauran ruwanta mai tsarki ne, sai fa idan an ga najasa a bakinta lokacin shan. Zancen cewa baƙar kyanwa mayya ce, wanda ke sa yara jifan ta, camfi ne da ba shi da madogara.

Magabata sun kai abin nesa. An ambata cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya rasu a 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su.

Inda aka fi zamewa shi ne lokacin haihuwa. Cikin kyanwa wata biyu ne da ƴan kwanaki, kuma ƴaƴan suna buƙatar nonon uwa kimanin mako 8. Zuba su a buhu a jefar a juji ko bakin gulbi tun idonsu bai buɗe ba kisa ne, ko da hannu bai taɓa wuƙa ba. A bar su a kwali a wani lungu har su iya ci, sannan a ba maƙwabtan da ke nema. Kada kuma a haɗa kyanwa da maganin kusu a shago ɗaya, domin kusun da ya ci guba yakan kashe wadda ta ci shi.

Idan kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a garzaya asibiti, domin ita ma tana iya ɗaukar ciwon haukan kare. Rigakafinsa kuwa yana wurin likitocin dabbobi, kuma mai shagon da yara ke shiga sayayya shi ya fi cancanta ya kai tasa a yi mata.