Darasi: In Kwamfutar Ƙungiya Ta Ƙi Tashi

'Yan'uwa manoma na Kucheri da kewaye, tsohuwar kwamfutar da sakatare yake ajiye lissafin bashin taki a ciki takan mutu farat ɗaya. Kada a yi saurin yar da ita. Sau da yawa laifin akwatin wuta ne, wato ƙaramin akwatin ƙarfen nan mai fanka inda wayar lantarki take shiga. Aikinsa ya karɓi wuta mai bolt 230, ya sauke ta zuwa 12 da 5 da 3.3. Ƙurar hunturu takan toshe fankarsa ya yi zafi, wutar janareto mai hawa da sauka kuwa ta ƙarasa shi.

Ku fara da sauya waya da soket. In shiru, a kashe wuta, a zare fulogi mai baki 20 ko 24 daga babban allo, a haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan siririn ƙarfe, sa'an nan a kunna. In fanka ba ta juya ba, akwatin ya mutu.

Kada kowa ya buɗe cikinsa! Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. A ganina sauyawa ta fi gyara. A kwance kusoshi huɗu na baya, a tafi da shi Gusau, a nemi irinsa mai ƙarfin wat ɗaya ko fiye, a gwada kafin a biya.

Waɗansu tsofaffi suna da jan maɓalli a baya. Lalle ya nuna 230, gama 115 na Amurka ne, nan take zai ƙone.

Lissafinku yana kan faifan ajiya, galibi ba abin da ya same shi. Ranar da ta tashi, sakatare ya kwafe sunayen masu bashi cikin littafi.