Darasi Kan Ijara: Ma'aikacin da Ke Aiki Daga Ɗakinsa

 Tun shekarar 2020, lokacin annobar korona, kamfanoni da yawa a duniya suka yarje wa masu rubuta manhajar kwamfuta su yi aiki daga gida. Yau matashi zai iya zama a Madarunfa ko Maraɗi yana yi wa kamfanin Faransa ko Amurka aiki ta intanet, bai bar iyayensa ba, bai ratsa Agadas ba. Wannan ni'ima ce, amma tana da hukunci.

A fiƙihu wannan ijara ce, kuma Risala da Muhtasar duk sun yi magana a kanta. Sharaɗinta shi ne a san lada, a san aiki ko tsawon lokacinsa. Malamai sun raba ɗan ƙwadago biyu: wanda aka ɗauki lokacinsa, da wanda aka ba aiki ya gama, kamar tela. Mai albashin wata yana cikin kashi na farko. Saboda haka sa'o'in da ya sayar amana ce a wuyansa, ko da babu idon da ke ganinsa. Bai halatta ya sayar da sa'a guda ga iyayen gida biyu a ɓoye ba.

Sai dai cutarwar ta fi zuwa daga wancan ɓangare. Idan ba a iyakance lokaci ba, ɗakin kwana ya zama ofis, saƙo kuma ba ya yankewa. Ku duba lissafi: ƙarfe 9 na safe a Niyok, lokacin bazararsu, ƙarfe 2 ne na rana a nan, kuma Juma'a ranar aiki ce a wurinsu, ga shi Suratul Jumu'a ta yi umurnin barin ciniki idan an yi kira. Mai bin agogon Kaliforniya kuwa zai soma ƙarfe 5 na yamma ya tashi ƙarfe 1 na dare. Ina Magariba da Isha'i cikin jam'i, ina haƙƙin iyali, yaya kuma Asuba za ta kasance? Su kansu Faransawa sun ga illar, har suka sa doka a 2017 da ta ba ma'aikaci damar kashe waya bayan tashi.

Don haka wajibi ne a faɗi sa'o'in aiki da lokutan salla tun wurin ƙulla yarjejeniya, a rubuce. A haɗa da batun wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar har zuwa Maris na 2024. A bayyana wanda zai ɗauki kuɗin faranti mai amfani da hasken rana da na intanet, da kuma hukuncin albashin ranar da aiki ya tsaya ba da sakacin ma'aikaci ba.